Abin da Na Ɓoye wa Madam

Na riga Madam shiga aikin da shekara goma sha huɗu, kuma a lokacin da nake ba da labarinsa babu ranar da ban tuna wa kaina da wannan ba.

Wurin aikinmu a Potiskum ba wani babba ba ne. Ɗakuna uku ne a jere da doguwar baranda. Ɗaya na littattafan da jama'a ke zuwa karantawa, ɗaya na kayan tarihi, su tsofaffin ganguna da tukwane da saƙi, na ukun kuma nawa ne, ɗakin gyara. Duk abin da gara ta ci, ko asu ya huda, ko damina ta jiƙa, wurina ake kawowa. Kayan aikina ba su da yawa: burushi mai laushi, reza, auduga, takarda shara-shara ta liƙi, da 'yar tukunyar da nake dama sitaci a ciki. Ina kuma da babbar rajista mai baƙin bango, wadda na ja wa layuka da rula. A ciki nake rubuta ranar da abu ya shigo, da ciwon da ya zo da shi, da abin da na yi masa, da abin da na yi amfani da shi. Babu wanda ya sa ni. Dattijon da ya koya mini sana'ar haka yake yi, ni ma na ɗora.

Madam 'yar Filato ce, Kirista, mijinta yana da shagon kayan gyaran mota a bakin babban titi. Daga sakatariya aka turo mana ita don ta riƙa buga wasiƙu. Hausarta garau take, sai dai idan ta yi sauri harshen garinsu yakan leƙo. Muna zaman mutunci da ita. Takan tsaya a ƙofar ɗakina ta kalli yadda nake ɗaga liƙaƙƙen shafi da bakin reza, ta ce ita kam ba ta da irin wannan haƙurin. Ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Da rikicin ya shigo garin, komai ya sake. Aka hana hawa babur, na koma kan tsohon kekena. Tsakanin gidana da ofis shingen sojoji biyu ne, a kowanne sai ka sauka ka tura keken. Masu zuwa karatu suka ɗauke ƙafa. Da yawa daga mutanen cocinsu Madam suka kwashe kaya suka bar gari. Ita ta tura 'ya'yanta gida wurin mahaifiyarta, ta zauna da mijinta. Kullum da safe sai ga ta da lema da 'yar jakarta, kamar babu abin da ke faruwa.

A cikin wannan halin wasiƙa ta zo daga sama. Ana ta ƙona makarantu da ofisoshi, don haka wata ƙungiya ta ɗauki nauyin a zuba bayanan duk abin da muke ajiye da shi a kwamfuta, a cikin abin da suke kira rumbun bayanai, har da tarihin gyaran da aka yi wa kowane abu. Ko da gini ya tafi, a san me ya tafi da shi. Idan kuma an kwashe kaya zuwa wani wuri, wanda ya karɓa ya san me aka taɓa yi musu. Suna son mutum ɗaya ya je horo na mako uku.

Ban yi shakkar ni ne ba. Wa ke da tarihin gyara a ofis ɗin in ba ni ba? Har na ce wa maiɗakina ta ba da manyan kayana biyu a wanke a goge. Da Oga, shugaban wurin, ya kira ni ofishinsa, na shiga da murmushi. Ya ce ya yi tunani ya ga Madam ce ta dace, tunda ita ta iya buga rubutu, ni kuma in ba ta haɗin kai idan ta dawo. Ya ƙara da cewa ai ni hannuna na sitaci ne, kada a ɓata shi da na'ura. Wasa yake yi, ya yi dariya. Ni ma na yi. Na fito na zauna a ɗakina har azahar ban taɓa komai ba.

Ta dawo da kwamfutar hannu, da kyamara, da faifan sola da aka kafa a kan rufi. Aka ce a ɗakina za ta zauna, tunda nan ne aikin yake. Wurin da wayar solar ta fi kaiwa shi ne gefen taga, nan kuwa ne teburina yake tun da na fara aiki, saboda haske. Aka matsar da ni ciki. Ta ba ni haƙuri har sau biyu, na ce mata babu komai.

Sai ta fara kwafe rajistata. Kowane abu yana da shafinsa a kwamfutar, da gurabe da za a cike: lambarsa, halin da aka same shi, gyaran da aka yi, kayan da aka sa masa, hotonsa kafin gyara da bayansa, da gurbin gargaɗi ga wanda zai taɓa shi nan gaba. A ƙasan kowane shafi akwai sunan wanda ya shigar da bayanin. Sunanta ne, shafi bayan shafi. Nawa ma yana nan, a gurbin mai gyara, amma idona ba ya zuwa can. Abin da na yi shekaru ina tarawa da ciwon wuya da yajin ido, ita a wata uku ta shanye shi.

Gaskiya ta iya aikin. Ta gano mini wurare uku da na ba abu biyu lamba ɗaya. Ta gano wata ganga da na shafa wa mai sau biyu a shekara guda saboda na manta na yi. Ba da izgili ta nuna mini ba, amma da ta yi izgilin ma da ya fi mini sauƙi, da na sami dalilin jin haushinta.

Ranar da manya suka zo daga Damaturu duba aikin, ni aka sa na jera kujeru. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi littattafai nawa gara ta taɓa ci a wurinmu, kuma me aka yi musu. Na buɗe baki zan fara bayani, sai Madam ta danna wani abu, jerin ya fito gaba ɗaya. Suka matsa kusa da ita suna jinjina kai. Oga ya gabatar da ita a matsayin ƙwararriyarmu. Ita ta juyo ta nuna ni, ta ce duk aikin Malam ne, ita kwafewa kawai ta yi. Suka ce mini sannu da ƙoƙari, suka mayar da ido kan kwamfutar. Hotunan da suke kallo, a kusan kowanne akwai babban yatsana a gefe yana danne da shafi. Iyakar abin da ya fito nawa ke nan.

Daga nan na zama wani iri. Idan hadari ya haɗu batirinta ya mutu, sai in ji sanyi a raina. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar, ta kasa aika bayananta, kowa yana kukan ba ya jin 'yan'uwansa, ni har da 'yar murnata a ɓoye. A gida ba ni da zance sai nata, yau ta yi kaza, gobe an ce mata kaza. Wata rana maiɗakina tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, matar nan ta zage ka ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ta yi maka?" Na tashi na fita masallaci tun lokaci bai yi ba.

Sai na sayi ɗan ƙaramin littafi mai shiga aljihu. A cikinsa na koma rubuta ainihin abin da nake yi: kaurin sitacin da na dama, wace takarda ce ta karɓa, wace tawada ce ke tsoron ruwa. A babbar rajista kuwa, wadda Madam ke kwafa, sai in rubuta an share, an liƙe, an gyara. Ina so ya zama akwai wani abu da na sani wanda na'urarta ba ta sani ba.

Ana cikin haka wani tsoho ya zo daga Danchuwa da buhun wake a bayan keke. Ya kwance buhun a barandarmu, ya tura hannu can ƙasa ya zaro gafaka. A wancan lokacin ba kowa ke son a gan shi a shinge da tarin takardun Larabci ba, tambayoyin sai su yi yawa. Littafin fiƙihu ne na kakansa, rubutun hannu, waraƙa a sake ba ɗinki. Ya ce ba ya barci saboda shi, yana tsoron wuta, gara ya zauna a hannun hukuma har ƙura ta lafa. Kakan nasa a Gabas ya yi karatu, kuma a gefen shafuka ya bi ya rubuta sharhinsa da ƙananan baƙaƙe, wani da Larabci wani da Barbarci. Tsohon ya ce shi wannan na gefen ya fi damunsa, domin littafin ana samun irinsa, amma maganar kakansa babu ita a ko'ina.

Wani a gidansu ya taɓa liƙe waraƙan da suka yage da gam na kanti, ya bushe ya yi ja, yana cin takardar. Kafin in taɓa komai na yi gwajin da nake yi kullum. Na jiƙa ɗan kan auduga na ɗiga a ƙarshen wani harafi na tsakiyar shafi. Yambari ce, tawadar da ba ta jin ruwa, ko gezau ba ta yi ba. Na gwada na gefe, sai audugar ta taso da baƙi. Tawadar gawayi da ƙaro ce, irin ta allo, wadda ruwa ke wankewa. Na rubuta wannan a littafin aljihuna, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Madam ta kwana huɗu tana ɗaukar hoton littafin. Ƙa'idarsu ita ce a ɗauki shafin farko da na ƙarshe da wuraren da suka lalace, amma ita ta ce tunda tsohon ya damu, za ta ɗauki kowane shafi. Ni ke juya mata waraƙan, ina ƙunƙuni cewa ana ɓata mini lokaci.

A rana ta biyar wata wasiƙar ta zo, ana gayyatarta babban taro ta yi bayanin yadda ta tsara aikin a cikin wannan hali. Oga da kansa ya shigo ɗakinmu ya karanta da ƙarfi. Bayan ya fita ta buɗe shafin littafin tsohon tana cike gurabe, fuskarta cike da fara'a. Ta tambaye ni ko an gwada tawada. Na ce an gwada. Ta ce tana zuba? Na ce, "Yambari ce, ba ta zuba."

Ta buga. Ta zo gurbin gargaɗi ta sake dubana, na girgiza kai. Ta bar shi fayau ta wuce.

Na gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, rabin gaskiya na faɗa. Na kuma ce ai littafin a hannuna yake, babu mai taɓa shi sai ni.

Ba a yi wata biyu ba abubuwa suka ƙara tsananta, aka ba da umarnin a kwashe kayan da suka fi daraja zuwa wata babbar cibiya a wata jihar. Littafin tsohon yana cikin jerin, ban ma kai ga cire gam ɗin ba. Kwana uku muka yi muna shirya akwatuna, ni ina naɗewa Madam tana duba lamba. A cikin kwana ukun nan babu sa'ar da ban ce yanzu zan faɗa mata ba. Amma faɗar tana nufin in fito da littafin aljihu, ta ga wata nawa na yi ina ba ta ƙaiƙayi ina riƙe da tsaba. Na ce a raina ƙwararrun can za su yi nasu gwajin. Motar ta tashi da hantsi, na tsaya a baranda har ta sha kwana.

Bayan wata huɗu takarda ta zo daga cibiyar. Mai gyaransu ta duba rumbun bayanai, ta ga an gwada tawada ba ta zuba, babu gargaɗi. Aiki ya yi mata yawa, kaya na ta zuwa daga ko'ina, sai ta dogara da abin da ta gani. Ta sa danshi don gam ɗin ya saki. Kafin ta farga sharhin waraƙa huɗu ya narke ya zama dabbare-dabbare. Suna tambayar wanda ya shigar da bayanin.

A gabana Oga ya yi wa Madam faɗa. Ya ce an ɗaga ta sama ta fara sakaci, ya ba ta takardar tuhuma ta amsa a rubuce, ya ce batun taro kuma ta manta da shi. Ta dube ni sau ɗaya. Zan faɗi abin da na ji, tunda don shi nake wannan rubutu: daɗi na fara ji. Bai daɗe ba, amma ya zo, kuma na san shi da ya zo. Sai da na hau keke zan koma gida sannan waraƙan nan huɗu suka tsaya mini a ido, ƙananan baƙaƙen da mutum ya zauna ya rubuta tun kafin a haifi ubana.

Washegari ta ja kujerarta kusa da teburina. Ta yi magana a hankali.

"Malam, ni ce ban ji da kyau ba, ko kai ne ka manta?"

Ƙofa biyu ta buɗe mini, kowacce zan iya fita ta cikinta da mutuncina. Na ce mai yiwuwa mantuwa ce, shekaru sun fara ja. Ta ce to, ta koma wurinta. A amsar da ta rubuta ta ce kuskuren shigarwa ne, ba ta ambace ni ba.

Mako guda bayan haka tsohon ya shigo gari cin kasuwa, ya biyo ya ji labarin littafinsa. Oga ba ya nan. Na ji muryarsa a baranda. Madam ce ta shigo da shi, ta ba shi kujera da ruwa, ta gaya masa abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce laifin ofishinmu ne. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Sannan ta juyo da kwamfutar gabansa ta buɗe hotunan waraƙan huɗu kamar yadda suke kafin su bar Potiskum. Ta ƙara girman rubutun har kowane harafi ya kai ɗan yatsa.

Ya matso da fuskarsa. Ya fara karantawa a hankali da Barbarci, yana bin layin da yatsa ba tare da ya taɓa gilashin ba. Ya ce rabonsa da iya karanta wannan rubutun ya fi shekara goma, idonsa ya daina ganin ƙanana. Ya karanta shafi ɗaya, ya yi 'yar dariya a wani wuri, ya ce kakan nasa yana yi wa wani malami raddi ne. Ya roƙi a buga masa su a takarda, ta ce za ta buga masa littafin gaba ɗaya. Da zai tafi ya ɗaga hannu ya yi ta sa mata albarka, ita da 'ya'yanta da iyayenta, tana cewa amin Baba. Ni ina tsaye a bayansu, kuma ko a wannan lokacin sai da na ji ƙyashin albarkar. A nan ne na tsorata da kaina.

Da ya fita na zaro littafin aljihun na buɗe shafin na ajiye a gabanta. Ta karanta. Ta juya baya ta ga sauran shafukan, ta duba ranakun.

"Da ka ce mini ba ka son in taɓa aikinka, da na gane," in ji ta. "Amma ka bar ni na rubuta ƙarya da hannuna."

Na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji. Ta tambaya ko zan gaya wa Oga ko ita za ta gaya masa, na ce ni zan je.

Oga ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge, ya ce bai taɓa zaton haka daga gare ni ba. Aka janye takardar tuhumar Madam aka rubuta tawa, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni a wannan zagayen. Taron kuwa an riga an yi shi ba ita. Wannan babu yadda zan mayar mata.

Wata biyu muka yi muna gyara rumbun. Kullum da safe in zauna gefenta da littafin aljihu ina karantowa tana bugawa, abu bayan abu, duk waɗanda na ba ta bayaninsu rabi da rabi. Duk wanda muka gyara sai ta aika wa cibiyar, don akwai wasu littattafai shida a can masu irin wannan tawadar da ba a kai ga taɓawa ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta kuma sake yi mini wasa ba. Gaisuwa, aiki, sai an jima. Wata rana ta ture kwamfutar gabana ta ce in buga da kaina, ba za ta dawwama a nan ba. Da yatsa biyu na koya, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsaba a ƙasa, ita tana zaune ba ta gaggauta ni ba.

Da aka buga hotunan littafin, na ce ni zan kai Danchuwa. Na sami tsohon a gindin bishiya a ƙofar gidansa yana ɓarar gyaɗa. Na ba shi takardun, sannan na gaya masa ba matar nan ce ta yi kuskure ba, ni ne na sani na yi shiru. Ya tambaye ni dalili. Na ce hassada. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa, can ya ce nasa hakkin ya yafe, na kakansa kuma ba shi da ikon yafewa, in riƙa sa shi a addu'a. Ya sa aka kawo mini fura, na sha da ƙyar.

A shekarar da ta biyo mijin Madam ya mayar da shagonsa garinsu, ita ma ta nemi canjin wurin aiki ta samu. Ranar da za ta tafi ta miƙa mini kwamfutar da kyamarar da takardar da ta rubuta matakan aikin dalla-dalla da Hausa, don ta san Turancina bai kai nata ba. Na raka ta har bakin titi ina riƙe da kwalin kayanta. Ta ce in gaida maiɗakina, na ce ta gaida yara. Ba mu sake haɗuwa ba.

Na riƙe rumbun har na yi ritaya. Waɗanda suka zo bayana suna kiransa tsarin Madam, ko da yake ba su taɓa ganinta ba. Ranar da na fara jin haka daga bakin wani sabon ma'aikaci, abin ya ɗan soke ni a inda ya saba. Na ce masa haka ne, ita ta kafa shi, sannan na nuna masa yadda ake jiƙa kan auduga.